Tsakanin Sha'awa da Cike Fom: Abin da Ke Sa Yaran Latino a Amurka Su Nemi Gurbin Jami'a ko Su Fasa

Cikin shekara biyu, abubuwa uku sun auku a Amurka da suka bar iyaye da malamai suna tambayar makomar karatun yaran Latino. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata ko asalin ɗalibi wajen ba da gurbin karatu. A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin tarayya ta fito da sabon fom ɗin neman tallafin karatu, ya zo da matsalar da ta tsayar da iyalai masu yawa na tsawon watanni. Sai kuma Yunin 2025, lokacin da wata kotun tarayya ta soke dokar jihar Teksas mai shekara 24, wadda ke bai wa ɗalibai marasa takardun zama damar biyan kuɗin makaranta daidai da na 'yan jiha.

Kafafen labarai sun fi ba hukuncin farko ƙarfi, har mai karatu zai ɗauka can ne duk maganar take. Sai dai kafin jami'a ta karɓi ɗalibi ko ta ƙi shi, dole ya nema tukuna. Ɗalibai da yawa tun a wannan matakin ake rasa su, kuma dalilan da ke sa su fasa ba su cika fitowa a kanun labarai ba.

Su wa ake kira Latino

Latino suna ne da ake kiran mazauna Amurka da asalinsu ya fito daga ƙasashen Latin Amurka. Akwai kalmar Hispanic da hukumomi suka fi amfani da ita, wadda ta fi karkata ga masu alaƙa da harshen Sifaniyanci. A maganar yau da kullum ana musanya su. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, wato kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen ƙasar, kuma kusan shida cikin goma asalinsu Meziko ne.

Ba launin fata ɗaya ba ne, kuma halinsu a gaban doka ya bambanta ƙwarai. Mutanen Puerto Rico 'yan ƙasa ne tun 1917. A Teksas da New Mexico akwai iyalan da kakanninsu ke zaune a wurin tun kafin ƙasar ta koma hannun Amurka. Akwai jikokin 'yan Kyuba a Miami da suka daɗe da kafuwa, akwai kuma yaron da ya iso daga Honduras ko Guatemala shekara uku da suka wuce. Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, fiye da tara cikin goma na yaran Latino da ba su kai shekara 18 ba a Amurka aka haife su, saboda haka 'yan ƙasa ne. Matsalar takardu, inda take, sau da yawa a wuyan iyaye take.

Yadda ake neman gurbi a can

A Amurka babu wata hukuma irin JAMB da ke tattara kowa a jarrabawa ɗaya. Kowace jami'a da nata tsarin, kuma ɗalibi ne zai bi ta. A ajin ƙarshe na sakandare, tsakanin watan Oktoba da Janairu, zai zaɓi makarantu, ya cike fom, ya rubuta insha'i a kan rayuwarsa, ya roƙi malamai su rubuta masa wasiƙar shaida, ya sa makarantarsa ta aika da sakamakonsa, a wasu wuraren ya haɗa da makin jarrabawar SAT ko ACT. Kowane fom na iya cin dala 50 zuwa 90, kodayake ana yafe wa marasa ƙarfi idan sun san su nema. Shafin Common App ya rage wahalar, domin fom ɗaya na iya zuwa makarantu fiye da dubu da ke cikin tsarin.

Makarantun kashi biyu ne manya. Akwai jami'o'in shekara huɗu masu ba da digiri. Akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu, masu araha, waɗanda ke karɓar kusan duk wanda ya zo, kuma daga nan ɗalibi na iya tsallakawa jami'a. Sannan akwai fom na daban na neman kuɗi, wanda ake kira FAFSA. Da shi ake samun tallafin Pell na tarayya wanda ba a biya, da rancen gwamnati, kuma jihohi da jami'o'i da dama shi suke dubawa kafin su ba da nasu tallafin.

Duk wannan aiki ne da ke da wa'adi, kuma a gidan da uba ko uwa ko yaya suka taɓa bin hanyar, ana yin sa ne a cikin hira. A gidan da ba wanda ya taɓa yi, yaro mai shekara 17 ne zai gano komai da kansa, sau da yawa yana fassara wa iyayensa abin da shi ma bai gama fahimta ba.

Inda abin ya samo asali

Har tsakiyar ƙarni na 20, gundumomi da dama a Kalifoniya da Teksas suna ware yaran 'yan Meziko a makarantu na daban. Shari'ar Mendez da gundumar Westminster a 1947 ce ta karya wannan a Kalifoniya. A watan Maris na 1968 dubban ɗalibai suka fice daga azuzuwa a gabashin Los Angeles, kuma cikin koke-kokensu har da cewa ana tura su ajin koyon sana'a maimakon a shirya su shiga jami'a. A 1973 iyaye daga unguwar Edgewood ta San Antonio suka kai har Kotun Ƙoli suna ƙalubalantar tsarin da ke ɗora kuɗin makaranta a kan harajin gidajen yanki, tsarin da ke barin makarantun talakawa da ƙarancin kuɗi. Sun sha kaye da ƙuri'a 5 da 4. A 1982 kuma, a shari'ar Plyler, kotun ta ce ba jihar da za ta hana yaro karatun firamare da sakandare saboda ba shi da takardun zama. Hukuncin ya tsaya a sakandare, bai ce komai a kan jami'a ba, kuma wannan giɓin shi ne tushen rigimar da ake yi yau.

Sha'awar tana nan

An daɗe ana cewa iyalan Latino ba su damu da dogon karatu ba. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. A binciken da cibiyar Pew ta yi a 2009, kashi 89 cikin ɗari na matasan Latino masu shekara 16 zuwa 25 sun ce karatun jami'a na da muhimmanci ga ci gaban mutum. Amma kashi 48 ne kawai suka ce su kansu suna da niyyar yin digiri. Cikin waɗanda suka yanke karatu, kashi 74 sun ce dole ce ta tallafa wa gida ta sa.

An kuma samu gagarumin sauyi. A shekarar 2000 kusan kashi 28 na matasan Latino sun bar sakandare ba su kammala ba. Zuwa 2021 adadin ya faɗi ƙasa da kashi 10. Masu karatu a manyan makarantu sun tashi daga wajen miliyan 1.5 a 2000 zuwa miliyan 3.8 a 2019. Duk da haka, cikin manyan Latino da suka haura shekara 25, wajen ɗaya cikin biyar ne ke da digiri, alhali a tsakanin farar fata adadin ya wuce kashi 40. Mata sun fi maza yawa a cikin masu shiga. Annobar korona ma ta ja abin baya, musamman a kwalejojin shekara biyu inda ɗaliban Latino suka fi yawa.

Kuɗi, da tsoron kuɗi

A zangon 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta na shekara a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ya kai wajen dala 11,600. Wanda ba ɗan jiha ba zai biya wajen dala 30,000. Jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 43,000, kwalejin al'umma kuwa wajen dala 4,000 ce. Ba a sa kuɗin ɗaki da abinci da littattafai a ciki ba. Mafi girman tallafin Pell a wannan zangon dala 7,395 ne. A ɗaya gefen, binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan Latino ba ta wuce dala 62,000 ba, ta gidan farar fata kuwa wajen dala 285,000. Gidan da ba shi da ajiya ba ya iya ɗaukar kasada.

Akwai bambanci tsakanin farashin da jami'a ta rubuta da abin da ɗalibi mara ƙarfi zai biya bayan an cire tallafi. Wasu jami'o'in da suka fi kowa tsada a takarda su ne suka fi araha ga talaka, saboda suna da dukiyar da za su ɗauki nauyinsa. Harvard ta sanar a 2025 cewa ɗalibin da iyayensa ba sa samun fiye da dala 100,000 a shekara ba zai biya komai ba. To amma uban da ke aikin gini, idan ya ga dala 80,000 a shafin makaranta, nan maganar ta mutu, domin ba a sanin ainihin abin da za a biya sai bayan an nema an kuma samu gurbi. Masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, sun nuna cewa mafi yawan ɗalibai haziƙai daga gidajen talakawa ba sa ma neman manyan jami'o'in da za su iya karɓarsu.

Sannan akwai kuɗin da gida zai rasa. Saurayin da ya gama sakandare yana iya bin kawunsa aikin rufin gidaje ko aikin sito ya fara kawo kuɗi a makon farko. Idan haya ce ke jiran biya, lissafin ribar digiri bayan shekara huɗu ko shida magana ce mai nisa. Masu bincike sun kuma lura cewa ɗaliban Latino sun fi gudun cin bashin karatu. Wasu na kallon wannan a matsayin hikima, ganin yadda bashin ya danne miliyoyin Amurkawa. Wasu na cewa gudun bashin ne ke sa ɗalibi ya haɗa karatu da aikin cikakken lokaci, har ya gaji ya bari.

Takardu

Nan ne abin ya fi sarƙewa, kuma ya kamata a raba mutum biyu da ake yawan haɗawa.

Na farko shi ne ɗalibin da shi kansa ba shi da takardun zama. Ba ya samun tallafin Pell, ba ya samun rancen tarayya. Mutane da yawa na zaton shirin DACA da Shugaba Obama ya kafa a 2012 ya rufe wannan ɓarakar. Shirin ya ba da izinin aiki da kariya daga kora, bai ba da tallafin karatu na tarayya ba. Kuma sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance yana ƙasar tun 15 ga Yunin 2007. Yaran da ke gama sakandare yanzu, mafi yawansu a lokacin ko dai jarirai ne ko ba a haife su ba, ga kuma umarnin kotu na 2021 da ya tsayar da amincewa da sababbin masu nema. Irin wannan ɗalibi, abin da jiharsa ta yanke shi ne komai. Teksas da Kalifoniya su suka fara, a 2001, ba shi damar biyan kuɗin ɗan jiha. A Teksas gwamna Rick Perry na jam'iyyar Republican ne ya sa wa dokar hannu, bisa sharaɗin ɗalibi ya zauna a jihar shekara uku kafin ya gama sakandare, ya kuma yi rantsuwar zai nemi izinin zama da zarar ya samu dama. Kalifoniya ta ƙara da ba da tallafin jiha a 2011. Fulorida ta janye tata damar a 2025, ta Teksas kuma ta faɗi a kotu bayan ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara, gwamnatin jihar ta ƙi kare dokar.

Masu adawa da rangwamen sun dogara ne da wata dokar tarayya ta 1996, wadda ta ce ba za a bai wa marar takardu wata gata ta karatu bisa zama a jiha ba, matuƙar ba a bai wa ɗan ƙasa daga wata jihar irinta ba. A ganinsu, ba daidai ba ne ɗan Oklahoma ya biya ninki uku a Teksas alhali wanda ya shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba yana biyan kuɗin ɗan gida. Masu goyon baya na cewa yaron bai zaɓi zuwansa ba, jiha ta riga ta kashe kuɗi a kansa shekara goma sha biyu, iyayensa na biyan harajin kaya da na haya kamar kowa, kuma rufe masa ƙofa a matakin ƙarshe asara ce ga jihar kanta. Kotun ƙolin Kalifoniya ta tabbatar da tasu dokar a 2010 bisa hujjar cewa ta dogara ne da makarantar da ɗalibi ya yi, ba wurin zamansa ba.

Na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne ɗalibi ɗan ƙasa wanda uwarsa ko ubansa ba su da takardu. Doka ta ba shi cikakken haƙƙin tallafi. Sai dai fom ɗin FAFSA na neman bayanin kuɗin shigar iyaye. A tsohon fom, wanda ke da tambayoyi fiye da ɗari, iyayen da ba su da lambar Social Security, wato lamba tara da gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa da masu izinin aiki, sukan cike gurbin da sifiri, su buga shafin sa hannu su aika ta gidan waya. Sabon fom ɗin, wanda aka yi domin sauƙaƙawa, ya wajabta wa kowane mahaifi buɗe nasa asusun a intanet a tantance shi. Maimakon ya fito 1 ga Oktoba kamar yadda aka saba, sai ƙarshen Disambar 2023 ya fito, kuma iyayen da ba su da lambar suka maƙale a matakin tantancewa har cikin bazarar 2024.

A ɗauki misalin yarinya a garin McAllen da ke kudancin Teksas, mai maki mai kyau, zaune da uwarta a teburin ɗakin girki da daddare bayan uwar ta dawo daga aikin shara a otal. Sun buɗe fom a waya. Yarinyar ta gama nata ɓangaren cikin minti ashirin. Da aka zo kan uwar, shafin na neman suna da adireshi da ranar haihuwa. Uwar ta shafe shekara ashirin tana kauce wa rubuta adireshinta a takardar gwamnati. Doka ta taƙaita amfani da bayanan fom ɗin ga harkar tallafin karatu, amma a lokacin da ake tsananta kamen baƙi, da wuya wannan ya kwantar wa iyali hankali. Sau da yawa yarinyar ce da kanta ke cewa a bari, don kada karatunta ya jawo wa gida fitina.

Ko ta samu gurbi a jami'ar da ke Austin, babban birnin Teksas, tafiyar wajen kilomita 500 zuwa arewa, akwai wani shingen. A kan babbar hanyar da ta tashi daga yankin, kusa da garin Falfurrias, akwai shingen binciken jami'an kan iyaka. Ita za ta wuce da katinta. Uwarta ba za ta iya bin hanyar ta kai ta ɗakin kwana ko ta je bikin yaye ta ba. A wannan yankin, zaɓen jami'ar da ke kusa da gida na da dalilin da ba a rubuta shi a kowane fom.

Zaman gida

Wannan ya kawo mu ga dalilin da aka fi jayayya a kansa. A 2009 masana zamantakewa biyu, Matthew Desmond da Ruth López Turley, sun duba bayanan ɗaliban ajin ƙarshe a makarantun Teksas. Sun gano ɗaliban Latino sun fi sauran cewa yana da muhimmanci su zauna a gida lokacin karatun jami'a, kuma masu wannan ra'ayi ba su cika neman gurbi ba, musamman a jami'o'in da shigarsu ke da wuya. Masu bincike na kiran wannan ɗabi'a fifita iyali: yaro ya ga hidimar gida da kusanci da iyaye sun fi cika burinsa shi kaɗai nauyi.

Wasu sun ɗauki sakamakon a matsayin shaidar cewa al'ada ce ke riƙe yaran. Wasu masanan na ganin an ɗora wa al'ada laifin talauci. Zaman gida na rage dubban daloli na ɗaki da abinci. Yarinyar da ke kai ƙannenta makaranta, take fassara wa mahaifinta maganar likita, take karanta wasiƙar mai gida, tafiyarta rami ce a gidan. Suna kuma nuni da cewa wannan kusancin shi ne ke riƙe ɗalibi idan karatu ya yi tsanani, kuma da yawa daga masu digiri na farko a danginsu don su saka wa iyayensu suka jure. Hujjar ɓangarorin biyu na da ƙarfi, kuma abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ba a iya raba su: a gida mai wadata, son zama kusa da iyaye zaɓi ne, a gida mara wadata kuwa zaɓin da larurar sun zama abu ɗaya.

Sakamakonsa a fili yake. Idan ɗalibi ba zai yi nisa ba, abin da ke kusa da shi ne zai yanke masa hukunci. Shi ya sa makarantu irin su Jami'ar Teksas ta El Paso, da ta Rio Grande Valley, da Miami Dade College, da rassan Jami'ar Jihar Kalifoniya ke ɗauke da kaso mai yawa na ɗaliban Latino. Dokar tarayya tun 1992 ta ware wani rukuni ga makarantun da aƙalla kashi 25 na ɗalibansu Latino ne, kuma yanzu sun kai wajen 600. A watan Satumbar 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da tsayar da wani kaso na tallafin da ake ba irin waɗannan makarantu, tana cewa sharaɗin adadin ƙabila ya saɓa wa tsarin mulki. Makarantun na amsawa da cewa kuɗin dukkan ɗalibansu yake amfana, ba tare da duba asali ba.

Abin da makarantar sakandare ta yi ko ta bari

Ƙungiyar malaman ba da shawara ta Amurka ta ce bai kamata malami ɗaya ya wuce ɗalibai 250 ba. Matsakaicin ƙasar ya kusa 380, a Arizona kuwa, inda Latino suka kusa rabin ɗalibai, ya haura 600. Malamin da ke da ɗalibai 600, ga tsara jadawali ga sasanta rigima, ba zai zauna da kowa ya tattauna batun jami'a ba.

Wani lokacin ma ƙofar ta rufe tun yaro na shekara 14 bai sani ba. A Kalifoniya, jami'o'in gwamnati na buƙatar darussa 15 na musamman da aka ci da maki mai kyau, kuma ana iya kammala sakandare ba tare da an cika su ba. Ƙasa da rabin ɗaliban Latino da ke kammalawa ne ke cika sharaɗin. Ɗalibin da aka ajiye shekaru a ajin koyon Turanci na iya zuwa ajin ƙarshe ya tarar lokaci ya ƙure masa.

Hukuncin Kotun Ƙoli da maganar SAT

Alƙalin alƙalai John Roberts, wanda ya rubuta hukuncin 2023 a ƙarar da aka kai Harvard da Jami'ar North Carolina, ya ce tsarin mulki na buƙatar a duba kowane ɗalibi a matsayinsa na mutum, ba ɗan wani rukuni ba. Masu ƙarar sun ce tsohon tsarin na tauye ɗalibai 'yan asalin Asiya. Mai shari'a Sonia Sotomayor, Latino ta farko a kotun, wadda ta tashi a unguwar Bronx ta birnin New York ta yi karatu a Jami'ar Princeton, ta ƙi amincewa, tana mai cewa kau da kai daga launin fata ba ya kawar da rashin daidaiton da ke ƙasa. Hukuncin ya bar wa ɗalibi damar bayyana a insha'insa yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa.

Kalifoniya ta riga kowa gwada wannan, domin masu zaɓe sun hana duba launin fata tun 1996, suka kuma sake tabbatarwa a 2020. A 1998 adadin Latino da baƙar fata da aka ɗauka a Berkeley da UCLA, rassa biyu na Jami'ar Kalifoniya, ya faɗi sosai, kuma bincike ya nuna wasu ɗaliban da suka cancanta sun daina nema. Jami'ar ta shaida wa kotu ta kashe fiye da dala miliyan 500 wajen bin makarantu tana janyo ɗalibai. Zuwa 2020 Latino ne rukuni mafi yawa cikin 'yan jihar da ta ɗauka, kodayake har yanzu ba su kai yawansu a sakandare ba. Teksas ta bi wata hanyar a 1997: duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na farko a makarantarsa yana da tabbacin gurbi a jami'ar gwamnati, kodayake reshen Jami'ar Teksas da ke Austin ya tsaurara nasa sharaɗin daga baya.

Haka jarrabawar SAT. Jami'ar Kalifoniya ta daina dubanta gaba ɗaya bisa hujjar cewa maki na bin arzikin iyaye. Jami'ar MIT ta dawo da wajabta ta a 2022, Dartmouth da Yale da Harvard suka bi a 2024, suna cewa rashin wajabta ta ya sa haziƙan talakawa na ɓoye makin da da zai taimake su.

Duk wannan muhawara ta shafi jami'o'i 'yan kaɗan ne masu tsananin zaɓe. Fiye da rabin jami'o'in shekara huɗu na karɓar aƙalla biyu cikin uku na masu nema. Ga mafi yawan ɗaliban Latino, tasirin hukuncin zai fi zuwa ta hanyar saƙon da suka ji a ciki, ko ana maraba da su ko ba a yi, fiye da ta hanyar wasiƙar ƙi.

Abin da aka gwada, da abin da iyalai za su gani

Wani gwaji da aka yi a jihohin Ohio da North Carolina ya raba iyalai marasa ƙarfi da suka zo ofishin cike takardun haraji. Wasu an ba su bayani kawai a kan tallafin da za su iya samu. Wasu an zauna da su an cike musu FAFSA nan take. Bayanin shi kaɗai bai sauya komai ba. Waɗanda aka cike wa fom kuwa, 'ya'yansu da suka yi shekara biyu a kwaleji sun tashi daga kashi 28 zuwa 36. Shirye-shirye irin su AVID da ya faro a San Diego a 1980, da Puente da ya faro a Kalifoniya a 1981, a kan wannan tunanin aka gina su: a samu babban mutum da zai bi ɗalibi mataki-mataki.

Wasu jihohi sun mai da cike FAFSA sharaɗin kammala sakandare, da damar iyaye su ce ba sa so. Louisiana ce ta fara, adadin masu cikewa ya tashi, Teksas da Illinois suka bi, sai Louisiana ta soke nata a 2024 bisa hujjar cewa bai kamata a matsa wa iyali bayyana kuɗin shigarsu ba. Idaho kuwa tun 2015 ta juya tsarin: ana aika wa ɗalibi wasiƙar cewa jami'o'in jihar sun ɗauke shi bisa makinsa tun kafin ya nema, kuma jihohi da dama sun kwaikwaya.

Ga ɗalibi marar takardu a Teksas ko Fulorida, kuɗin makaranta ya ninka sau biyu zuwa uku, ba kuma tallafin tarayya, don haka wasu za su koma ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a zango, wasu su ƙaura zuwa jihar da ta bar ƙofarta a buɗe, wasu su shiga aiki. Ga ɗan ƙasa mai iyaye marasa takardu, haƙƙinsa na nan, an kuma gyara matsalar fom ɗin, abin da ya rage shi ne ko iyalin za su yarda su rubuta sunansu. Wannan ya shafi iyalan Afirka ta Yamma da ke zaune a Bronx da makamantanta, ciki har da Hausawan Ghana da Nijar da Nijeriya, waɗanda 'ya'yansu ke aji ɗaya da yaran Latino, suke cike fom ɗaya, suke layi a ofishin malamin ba da shawara ɗaya. A yawancin makarantun, wa'adin neman gurbi na cika ne tsakanin Nuwamba da Janairu, na tallafin jihar Kalifoniya kuma a farkon watan Maris.